A Wane Minti Kofi Ya Kuɓuce wa Houston?

Zumunci ne ya kai ni Houston bayan ƙaramar sallar 2025. Ɗan yayana yana digirinsa na biyu a Jami'ar Houston, mahaifinsa kuwa ya daɗe yana cewa in leƙa in ga yadda yaron yake zaune. Sai na tarar gari ya rine da jar riga. A gidan mai, a shagon aski, har a bakin masallacin da Hakeem Olajuwon ya kafa cikin wani tsohon ginin banki a tsakiyar birni, zancen ɗaya ne: ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar ta shiga sahun huɗun ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka, kuma a San Antonio za a ƙarasa, cikin jiharsu ta Texas.

Wanda bai zo ƙasar ba zai ɗauka wasan ɗalibai ƙaramin abu ne. A 2025 ƙungiyoyi 68 suka shiga gasar a watan Maris, sili-ɗaya-ƙwale, wanda aka doke ya tattara kayansa. Ma'aikata na satar kallo a ofis, tsofaffin ɗalibai na kashe kuɗin da ya isa sayen mota don su bi makarantarsu gari-gari. Houston ta sha zuwa bakin kofin ba ta taɓa ɗaga shi ba. Ta kai wasan ƙarshe a 1983 da 1984, duka biyun da Hakeem a tsakiya, duka biyun aka doke ta. Mu da muka taso muna buga kwando a sakandare a Zariya, sunan Hakeem ne ya sa muka san akwai wata jami'a mai suna Houston. Ɗan Legas ne, ƙwallon hannu yake bugawa, kuma a wata gasar makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato aka fara jarraba shi a kwando. Don haka ban shiga garin a matsayin ɗan ba-ruwanmu ba. Tun kafin a ba ni jar riga zuciyata ta riga ta saka ta.

Daren Asabar, 5 ga Afrilu, muka kalli wasan kusa da na ƙarshe a falon wasu ɗalibai 'yan Najeriya a kudu maso yammacin birnin, unguwar da za ka ji ƙamshin tsire da miyar agushi tun daga wurin ajiye motoci. Duke ce abokiyar karawa, da yaronsu Cooper Flagg mai shekara 18, wanda kowa ya san shi za a fara ɗauka a NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan kwando ta Amurka. Saura minti 8 da 'yan daƙiƙu, Duke na da 59, Houston 45. Wasu sun fara neman takalmansu. Houston ta yi ta rarrafowa har ya zama 67 da 61, agogo ya kusa cinyewa. Saura daƙiƙa 33 wani yaro mai suna Emanuel Sharp ya ɗaga daga nesa ya zura mai maki uku. A riƙe sunan nan. Daga nan Duke ta rikice wajen shigo da ƙwallo, Joseph Tugler ya danna ɗaya a kwando, ɗan wasan Duke ya zubar da jifan kyauta, aka busa wa Flagg keta, J'Wan Roberts ya ci jifa biyu. Aka tashi 70 da 67. Maƙwabta suka buga bango saboda ihunmu, daga baya su ma suka fito suna ihun.

A daren ɗan yayana ya ce, "Baffa, Litinin sai San Antonio." Na ce tikiti fa? Ya ce magoya bayan Duke da na Auburn da aka fitar yanzu haka suna sayar da nasu don su koma gida, farashi zai sauko kafin asuba. Haka aka yi, ya samo mana kujeru huɗu can saman bene. Abokinsa, wani Bayarabe ɗan Ibadan, shi ke da mota. Ta huɗunmu wata 'yar ajinsu ce 'yar ƙabilar Ibo, wadda ta faɗa mana tun a ƙofar gida cewa ita Florida take so, wato jami'ar da ta fitar da Auburn kuma za ta kara da Houston a wasan ƙarshe, domin dogon da ke tsare musu ƙarƙashin kwando, Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya ne daga yankinsu, ya bi ta makarantar horon NBA da ke Senegal kafin ya zo Amurka.

Da hantsin Litinin, 7 ga wata, muka hau babbar hanya mai lamba 10 muka yi yamma. Kusan kilomita 320 ne, tafiyar awa uku in ba cunkoso. Hanyar nan ta ratsa ƙasar daga California har Jacksonville ta jihar Florida, saboda haka magoya bayan Florida da suka zo a mota sai da suka keta ta tsakiyar Houston. Mun yi ta cin musu a hanya, tutoci shuɗi da ruwan lemo na kaɗawa a tagoginsu, da hoton kada a jikin gilashi, mu kuma ja. In an jera sai a danna wa juna oda, a yi dariya, kowa ya wuce. Bayan Katy gidaje suka ja baya, fili ya buɗe: shanu baƙaƙe a cikin shinge, injinan haƙo mai ɗaya-ɗaya suna sunkuyawa suna ɗagowa, ga wasu furanni shuɗaye da suka lulluɓe gefen titi, waɗanda mutanen Texas ke alfahari da su har iyali kan tsaya su zaunar da yara a ciki a ɗauki hoto. Muka wuce Sealy, Columbus, Schulenburg. A Luling muka tsaya a Buc-ee's, gidan man da famfunansa suka wuce ɗari, cikinsa kuwa kasuwa ce sukutum. Naman da suke yankawa a gaban mutane ya cika wurin da ƙamshi, amma ba mu san yankan ba, sai muka sayi ruwa da gyaɗa muka koma kan tsiren da muka taho da shi daga Houston. A gefen wurin ajiye motoci ni da ɗan yayana muka shimfiɗa darduma muka yi ƙasaru, muka haɗa azahar da la'asar. Wani dattijo cikin jar hula ya tsaya nesa kaɗan har muka sallame, sannan ya ce mu sa ƙungiyar a addu'a.

San Antonio ta fi Houston tsufa a ido, ta kuma fi ta jin Sifaniyanci a kunne. Kogi ne siriri ya ratsa tsakiyarta, an yi masa hanyar ƙafa a gefe biyu ƙasa da titi, gidajen abinci na jere a bakin ruwa, jiragen kwale-kwale na yawo da baƙi. Ranar duk inda ka duba ja ne da shuɗi, amma ja ya rinjaya nesa ba kusa ba. Muka leƙa Alamo, tsohon cocin mishan ɗin da aka gwabza yaƙi a cikinsa a 1836 tsakanin 'yan tawayen Texas da sojojin Mexico. Ginin ƙarami ne ƙwarai in aka gwada da girman sunansa. Ba mu daɗe ba, hankalin kowa na can gaba. Muka bi ayarin mutane ta gindin doguwar hasumiyar da aka gina don baje-kolin duniya na 1968, muka bi ta ƙarƙashin babbar hanya, sai ga Alamodome.

An buɗe filin a 1993, kuma don ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa aka tsara shi. In za a yi kwando sai a kafa dandamali a tsakiya a zagaye shi da kujeru. Mutum sama da 60,000 ne a ciki a daren. Daga inda muke 'yan wasan sun ƙanƙance, sai ka haɗa da manyan allunan talabijin kafin ka gane fuska. Amma tsayin yana da amfaninsa: kana ganin mutum goman a lokaci ɗaya, kana ganin inda tsaro ya buɗe tun kafin mai ƙwallo ya gani. Da aka haska Hakeem a allo yana zaune cikin 'yan kallo, ƙarar da ta tashi sai da na ji ta a ƙirjina. Kusa da ni wani Bature ne mai furfura, ya ce a Jami'ar Houston ya gama, yana ɗalibi a 1983. Hannunsa na rawa tun kafin a jefa ƙwallon farko.

Wasan jami'a zagaye biyu ne, minti 20 kowanne. A zagayen farko na ga abin da ya sa ake tsoron ƙungiyar Kelvin Sampson, kocin Houston. Tauraron Florida, Walter Clayton Jr., ya ci Auburn maki 34 ranar Asabar. A nan duk lokacin da wani dogo ya zo ya tare masa mai tsaronsa don ya samu hanya, sai dogon Houston ya fito su zama biyu a kansa, hannaye sama, su kora shi baya har kusan tsakiyar fili. Sauran ukun su rufe hanyoyin miƙa ƙwallo. Daga sama abin gwanin kyau, mutum biyar na motsi tare, babu mai jiran a gaya masa. Clayton ya gama minti 20 bai ci ko maki ɗaya ba. Florida ta yi ta zubar da ƙwallo. Alƙalai kuwa sun bar su suna gogayya, da ƙyar ka ji usur. Mutum ɗaya ne ya hana jirgin Florida nutsewa: Will Richard, wanda duk sanda aka taru a kan Clayton shi ake bari a sake, ya zura na nesa har huɗu, maki 14 kafin hutu. Aka tafi hutun rabin lokaci Houston 31, Florida 28. Jama'ar jar riga na murna. 'Yar ajinsu ɗan yayana ta juyo ta ce mini, "Baba, Clayton bai ci komai ba, kuma maki uku kacal kuka ba mu. Ku ji tsoro."

Da aka dawo sai usur ya farka. Cikin 'yan mintuna aka jera wa Florida keta, bencinsu ya yi ƙorafi aka ƙara musu da laifin rashin ɗa'a, L.J. Cryer na Houston ya ci jifan kyauta ya kuma zura na nesa. Kafin ka ce kwabo allo ya nuna 42 da 30. Filin ya ɗauka, wasu har sun fara rungumar juna. Baturen da ke gefena bai tashi ba. Ya nuna allon ya ce a 1983, a Albuquerque, Houston ta dawo daga hutu ana binta 33 da 25, ta ci 17 aka ci ta 2, ya zama 42 da 35. Daga nan Hakeem ya gaji saboda tsayin garin, koci Guy Lewis ya sa aka rage gudu ana jan lokaci, North Carolina State ta samu numfashi. Ya ce duniya ba ta tuna komai a wasan sai ƙwallon ƙarshe, wadda Dereck Whittenburg ya jefa ta gaza kaiwa, Lorenzo Charles ya cafe ya danna, aka tashi 54 da 52. Shi kuwa shekara 42 ke nan yana cewa tun a 42 da 35 aka rasa wasan. Maganarsa ce ta sa na daina kallon allo na koma kallon ƙafafun 'yan wasa.

Saura kamar minti 14, Houston 45, Florida 34. Abin da ya biyo baya bai fi minti biyu ba. Florida ta ci kwando ɗaya a kusa. Houston ta je ta dawo hannu rabbana. Alijah Martin ya samu sarari kafin tsaro ya daidaita, ya zura mai uku. Houston ta sake zuwa, Thomas Haugh, wani dogo siriri da ya taso daga benci, ya doke jifan, ya zuba da gudu zuwa ɗaya gefen, ya karɓi ƙwallo ya ci, aka kuma yi masa keta ya ƙara ɗaya. 45 da 42. Ɓangaren shuɗi, da tun ɗazu ya yi tsit, ya miƙe tsaye. Abin da na gani daga sama shi ne, a karon farko a daren 'yan Houston na komawa gida da gudu suna waige, kowa na nuna wa ɗan'uwansa wanda zai kama. Tarkon da suke ɗana wa Clayton yana bukatar su riga shi isa su tsaya. In sun ci kwando, dole Florida ta fito da ƙwallo daga bayan layi, su kuma su samu lokacin jeruwa. In sun ɓarar, babu wannan lokacin. Kuma sun shiga ɓararwa ba ƙaƙƙautawa. Kocin Florida, Todd Golden, ya faɗa bayan wasan cewa sau tara a jere suka hana Houston ci a tsakiyar zagayen.

Usur ɗin da ya taimaki Houston a farko ya juyo kanta. A wasan jami'a keta biyar ke fitar da mutum, kuma dogayen Houston suka tara ta. Mai keta huɗu ba ya fitowa ya tare da ƙirji kamar ɗazu, sai ya ɗan ja baya, rabin taki kawai. Rabin takin nan Clayton yake jira tun farkon dare. Saura minti 7 da daƙiƙa 54 ya kutsa ya ci kwandonsa na farko a wasan, da keta a kai, ya zama 48 da 48. Chinyelu ma a zagayen ya buga ƙwallo da ƙasa don fushi aka ba shi laifin rashin ɗa'a, 'yar garinsu ta dafe kai, amma hakan bai tsayar da komai ba. Daga nan aka shiga ci-in-ci. Clayton ya sake ramawa da mai uku, 60 da 60, saura minti uku da 'yan kai. Tugler ya ci jifan kyauta ɗaya, Houston 63, Florida 62, saura minti biyu da daƙiƙa biyar. Makin Houston na ƙarshe ke nan a kakar.

Sau huɗu ƙwallo ta sake shiga hannunsu, sau huɗun suka rasa ta ba tare da ta taɓa ƙarfen kwando a harin ƙarshe biyun ba. Saura daƙiƙa 46 Martin ya ci jifan kyauta biyu, Florida ta wuce gaba 64 da 63, rabonta da jagoranci tun ana 8 da 6. Sharp ya kutsa, Richard ya sa hannu, ƙwallo ta bugi ƙafar Sharp ta fita, saura kamar daƙiƙa 26. Denzel Aberdeen ya ci ɗaya cikin biyu, 65 da 63, saura daƙiƙa 19.7. Cryer ya riƙe ƙwallo a sama ana matsa masa, Sharp ya fito daga ƙarƙashin kwando da gudu ya karɓa bayan layin uku, ya yi tsalle zai jefa. Clayton ya taso masa, hannu a miƙe. Sharp yana sama ya ga za a doke, sai ya saki ƙwallon ta faɗi gabansa. Doka ta ce in ya riga kowa taɓa ta ya yi laifin tafiya da ƙwallo. Sai ya tsaya a kanta, hannaye a buɗe, yana kare ta da jiki yana jiran wani nasa ya zo. Tana ta tsalle a ƙasa, sau ɗaya, sau biyu. Alex Condon na Florida ya yi sufa ya faɗa kanta. Ƙararrawa ta buga. Sharp ya tsuguna ya rufe fuska, kuma kafin Clayton ya tafi murna sai da ya sunkuya ya dafa shi. Duk wasan, daƙiƙa 64 kawai Florida ta yi tana gaba. Kofinta na uku ke nan bayan na 2006 da 2007, Golden kuma mai shekara 39 ya zama koci mafi ƙuruciya da ya ɗauka tun Jim Valvano, wanda ya doke Houston ɗin a 1983.

Muka rama magariba da isha'i a wani lungu kusa da mota, muka kama hanya cikin dare. Har muka wuce Seguin babu mai magana. Mai motar ne ya fasa. Ya ce Sharp ne ya kashe su, babu wani kwana-kwana: ka tashi sama, ka jefa, in an doke an doke, wataƙila ma a yi maka keta. Ko ka yi kamar za ka jefa, Clayton ya wuce a iska, ka shiga ciki ka nemi biyu a tafi ƙarin lokaci. Rediyo ma abin da ake ta faɗa ke nan, masu kira na ta zuba. Raina ya ɓaci. Na ce masa ba don jifan Sharp na ranar Asabar ba, da yanzu Duke ce a filin nan, mu muna gida. Yaron da aka miƙa wa ƙwallo saura daƙiƙa biyar, nesa da kwando, da mai tsaro a fuskarsa, an riga an ba shi matsala ne ya warware. Shi kansa Sampson bai ɗora wa yaro ɗaya ba, abin da ya ce ya kasa fahimta shi ne yadda suka kasa ko jefawa a hare-haren ƙarshe.

Ɗan yayana ya ce, "To Baffa, ai shi ke nan. Mintuna biyun ƙarshe ne. Ƙungiyar da duk kaka ba ta wasa da ƙwallo ta zubar da huɗu a jere. Ni a wurina ta daƙiƙa 26 ce, don lokacin maki ɗaya ake binmu, kwando kowane iri ya isa." Yarinyar kuma, da ta yi ta ɓoye murnarta saboda mu, ta koma kan maganarta ta hutun rabin lokaci. Ta ce ranar da ka rufe babban ɗan wasan abokin karawa ruf na minti 20, ya kamata ka tafi hutu da tazarar goma ko fiye. Houston ta bar Richard ya riƙe su a raye, daga nan kuwa lokaci kawai ake jira Clayton ya farka.

Hujjarta ta fi ta sauran nauyi, na kuma gaya mata haka. Inda na rabu da ita shi ne, abin da Houston ta bari a zagayen farko ta dawo ta karɓe shi a farkon na biyu. Tazarar da take cewa ya kamata a samu, an same ta, har 12. Ba za a ce wasa ya juya a wurin da mai rinjaye ya ƙara rinjaye bayansa ba. Mai mota da ɗan yayana kuwa inda wasan ya ƙare suke nunawa. Tulu ne ya tsage tun a rafi, su sai a ƙofar gida suka leƙa suka ga babu ruwa.

Washegari na sa ɗan yayana ya nemo mini wasan a intanet, na zauna da biro da takarda. Lissafin da na fitar mai sauƙi ne. A minti 26 na farko Florida ta ci maki 34. A minti 14 na ƙarshe ta ci 31, Houston ta ci 18. Ƙungiya ɗaya ce, 'yan wasa ɗaya, tsaron da ya fi kowanne a ƙasar a kakar, amma kamar an sauya wasan a tsakiya, kuma wurin ɗinkin yana nan a 45 da 34. Houston ta yi jifa 69 a wasan, Florida 53. Wato ta fi ta samun dama har 16, saboda ƙwace ƙwallo da cafe wadda ta dawo daga kwando, sana'ar da Sampson ya gina ƙungiyar a kanta. Amma 24 kawai suka shiga. Daga nesa 6 cikin 25. Cryer ya ci 19, babu wani ɗan Houston da ya kai goma. A layin jifan kyauta Florida ta ci 17, Houston 9. Kowace lamba a nan tana komawa ga abu ɗaya: lokacin da Florida ta taso, Houston ba ta da hanyar samun kwando mai arha da za ta tsayar da gudun. Da na maimaita mintunan nan, abin da na gani shi ne ƙwallo na zagaye a waje, agogon daƙiƙa 30 na cinyewa, a ƙarshe wani ya jefa da hannu a fuskarsa. Kwando ɗaya a cikin hare-haren nan, ko keta ɗaya da za ta kai su layi, da ya ba tsaronsu damar jeruwa, da Martin bai samu sararin nan ba, da Haugh bai samu filin gudu ba.

In an matsa mini in sa yatsa a kan daƙiƙa ɗaya, ta Haugh ce: jifan da ya doke a wannan gefe da kwandon da ya ci a wancan. Kafin ita Florida na neman tsira ne, bayanta ta san za ta iya. Gaskiya ne Houston ta sake shiga gaba bayan haka, har zuwa 63 da 62. Sai dai daga wannan lokacin wasan ya koma irin wanda Florida ta saba ci. A gasar nan kaɗai ta fito daga baya ta doke Jami'ar Connecticut, ta fito daga baya ta doke Texas Tech, ta yi wa Auburn haka. Ƙungiya ce da in ka bar ta kusa da kai saura minti biyar, Clayton zai nemo hanya. Maganinta shi ne kada a kai nan, kuma Houston ta riƙe maganin a hannunta da tazarar 11.

Ɗan yayana ya dawo daga aji ya same ni a kan takardar, na nuna masa. Ya ce lissafi ya yi, amma ƙungiyar da ta ci maki tara cikin daƙiƙa 33 ranar Asabar ba ta da uzurin kasa jefa ƙwallo cikin daƙiƙa 19. Na ce to ya gaya mini a ina Duke ta faɗi, a jifan da Flagg ya ɓarar a ƙarshe? Ya ce a'a, Duke ta faɗi ne tun da ta yi sama da minti goma na ƙarshe kwando ɗaya tak ta ci a cikin wasa, tana riƙe da tazarar 14 ta bari aka rarrafo. Na ce to haka Houston. A kan Duke ya yarda nan take. A kan Houston har na bar garin yana nan a kan daƙiƙa 26.